Ƙunshin kayan gina ƙasa na ƙaramin jirgin ƙasa: abin da ya ci kuɗinsa a Damagaram da abin da bai ci ba

Kwalin, mai ɗauke da kayan gina tudu, dutse da ciyawa a kan teburin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo, bai fi na takalmi girma ba. Irin wanda ake oda ta intanet ne, ya sauka Kano ko Yamai, daga can a ba direba ya ƙaraso da shi Damagaram. Babu sunan kamfani a jikinsa, sai hoton wani tudu kore shar, da itatuwa masu tsini, da jirgi yana fitowa daga cikin dutse. Manyan kamfanoni irin su Noch na Jamus da Woodland Scenics na Amurka suna da nasu ƙunshin na masu fara koyo, wannan kuwa kwaikwayonsu ne mai sauƙin kuɗi. A ciki akwai naɗi biyu na bandejin filatir, ƙullin garin filatir, wato farin garin da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare, mazubin dutse na roba guda ɗaya, ledar tsakuwar dogo, ledar ciyawar zare da kwalbar busa ta, dakakken soso mai launin kore, gansakuka da ake yin duhuwa da ita, ƙananan kwalaben fenti, kwalbar gam, da wani ruwa mai kauri na yin tabki.

Hukuncin a taƙaice: bandeji da tsakuwa sun ci kuɗinsu, mazubi da soso sun yi rabin aiki, sauran an yi su ne domin ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Wanda yake son teburinsa ya yi kama da hanyar Mirriya ko ta Matamaye zai ɗebo rabin kayan aikinsa daga bakin ƙofar gidansa.

Ma'aunin da aka rubuta a kwalin HO ne, wato 1:87. Mita ɗaya na zahiri milimita 11.5 ne a kan tebur, mutum mai tsawon mita 1.75 ya dawo santimita 2, tsakanin ƙarfe da ƙarfe na dogo kuma milimita 16.5, wanda yake wakiltar faɗin milimita 1435 irin na layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Damagaram ba ta taɓa samun dogo ba. A da gyaɗarmu sai ta sauka Kano take hawa jirgi, layin da ya isa can a 1911, daga baya reshensa ya kai Nguru a 1930. Wannan tsohon layi faɗinsa milimita 1067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa sai ya nemi dogon HOm mai milimita 12. Kayan ƙasar dai ɗaya ne. A riƙe lissafin 11.5 ɗin nan, domin da shi ake gane abin da ya yi girma a cikin kwalin.

Takardar bayani ta ce a dunƙule jarida a yi tudu da ita, a ɗaure da salatif. A nan wannan gayyatar gara ce. Jarida, kwali da kunun fulawa duk abincinta ne, kyankyaso da ɓera ma ba sa ƙi. Abin da ya fi shi ne farin soson da ke cikin kwalin firji da talabijin, wanda masu shagon kayan wuta ke zubarwa. A yanka shi da wuƙa mai kaifi sosai, a jera hawa hawa, a soke da tsinken tsire. Farin gam na kafintoci a ɗiga shi ɗigo ɗigo, kada a shafe fuskar duka, domin iska ba ta shiga tsakanin soso biyu kuma gam ɗin zai iya yin kwanaki yana ɗanye. Gam na masu gyaran takalmi, fentin gwangwanin feshi, tina da fetur duk suna narkar da wannan soso nan take. Falankin da za a ɗora komai a kai ya zama kwantarfilake mai kaurin milimita 9 zuwa 12, da katakon tokari a ƙarƙashi kowane santimita 40, a shafe shi da fenti ko berni ciki da waje har da gefuna. Katakon da aka shafe fuska ɗaya yana lanƙwashewa idan hunturu ya tsotse shi, damina kuma ta kumbura shi, filatir ɗin da ke kai ya tsage.

A shimfiɗa dogo a gwada jirgi kafin a jiƙa ko da bandeji ɗaya. Hawa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowane mita, in ba haka ba kan jirgi zai yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya da taragai biyar. A bar aƙalla santimita 3 daga tsakiyar dogo zuwa kowane dutse ko bango, a kwana kuma a ƙara, a tura tarago mafi tsawo da hannu a ga ko gefensa yana goga. Idan a sanyin Janairu ake aikin, a bar ɗan gibi kamar rabin milimita a kowace mahaɗa. Ƙarfen yana miƙewa kusan rabin milimita a kowane mita idan zafi ya ƙaru da digiri 30, kuma tsakanin asubahin Janairu da azahar ɗin Afrilu a ɗakin kwano ana samun wannan tazarar. Dogon da aka matse ba gibi, sannan aka daskarar da shi da gam, sai ya gantsare a kwana.

Bandejin filatir shi ne abu mafi kyau a kwalin. Saƙarsa ƙanana ce, garin ya kama zaren sosai, ba ya zubewa a kwano idan an tsoma. Faɗinsa santimita 10, tsawon kowane naɗi mita 3 ba kaɗan, wato naɗi biyun sun ɗan haura rabin murabba'in mita. Da yake ninki biyu ake yi, abin da za su rufe bai fi tudu ɗaya mai faɗin santimita 50 a kan 50 ba. A yanka gunduwa gunduwa kamar tsawon tafin hannu, a tsoma daƙiƙa biyu ko uku, a ɗora, kowace gunduwa ta hau rabin ta baya, a shafa da jiƙaƙƙen yatsa har ramukan saƙar su toshe. A rufe dogo da salatif ɗin takarda tukuna. Idan ya ƙare, bandejin ɗaurin karaya na famasi yana yin aiki ɗaya, sai dai ya fi saurin kamawa. Tsohon gidan sauro da aka yayyanka aka tsoma a ruwan filatir shi ma yana yi, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Matsalar da ake samu a nan ba ta bandejin ba ce, ta iska ce. Filatir ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwan. Idan iskar hunturu ta kwashe ruwan kafin ya gama kamawa, sai ka ga ya yi fari fat kamar ya yi kyau, ka taɓa ya zama gari a yatsa. Maganinsa a kashe fanka, a rufe taga, a fesa ruwa a kan tsohon filatir kafin a ɗora sabo, bayan an gama kuma a lulluɓe da leda na awa ɗaya. Daga nan a buɗe ya sha iska yini guda ko biyu kafin fenti.

Garin filatir na cikin kwalin kaɗan ne, zubi uku ya ƙare. Ba abin damuwa ba ne, masu aikin silin na staf suna da shi buhu buhu, kuma ana samun mai auna maka kilo. A murza a yatsa kafin a saya: idan akwai ƙulalai, ya sha raɓar damina, ba zai yi ƙarfi ba. Awon da ke aiki shi ne giram 100 na gari da ruwa mililita 65 zuwa 70. Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa gari a kai har ya ɗan yi tsibiri, a bar shi minti ɗaya, a juya a hankali kada iska ta shiga. Ruwan bido da ya wuni a rana yana sa shi kamawa tun kana juyawa, don haka a ɗebo na randa. Ragowar busasshen filatir a gindin kwano shi ma yana gaggauta shi. Rabin tsohuwar ƙwallon roba ta fi kowane kwano, ana matsa ta busasshen ya faɗo. Mai son ƙarin lokaci ya ɗiga ruwan lemun tsami ɗigo uku ko huɗu a rabin lita, kada ya wuce haka, in ya yi yawa filatir ɗin ba zai yi ƙwari ba. Ruwan wankin kwano kuma a zubar da shi a ƙasa, ba a magudana ba, domin yana daskarewa a cikin bututu.

Mazubin dutsen yana fitar da zane mai kyau, amma dutsen wasu ne: mai kaifi, mai layi layi, kamar an sare shi da gatari. Ya dace da wurin da aka fasa tudu aka wuce da dogo, nan kaɗai. Duwatsun da ke cikin Birni da kewayen gari mulmulallu ne, manya, wani a kan wani, kamar an jera tukwane. Irin waɗannan da hannu ake yin su. A yanko soso kamar girman ƙwai zuwa girman lemu, a goge kusurwoyin da samfefa, a shafe da filatir mai kauri hawa biyu, kafin ya gama kamawa a daddanna shi da jiƙaƙƙen buroshin haƙori don ya yi ƙurji ƙurji, a ja tsaga ɗaya ko biyu da bakin wuƙa. Dutse mai tsayin mita 5 santimita 6 ne ba kaɗan. A binne kashi ɗaya cikin uku na na ƙasa a cikin tudun, in ba haka ba zai yi kamar an ajiye dankali a kan tebur. Shi kuwa mazubin, a kurkure shi da ruwa mai ɗigon sabulu kafin zubi, a bubbuga gefensa kumfa ta taso, a cire bayan minti 30. Roba ce da zafi ke cinyewa: a barbaɗa mata hoda, a sa a leda, a ɓoye daga rana.

Fentin kwalin na ruwa ne, kuma yana da kyau, sai dai launukan toka da kore sun fi yawa. Ruwan ƙasa da ja ne za su fara ƙarewa. Ba a shafa wa dutse fenti kai tsaye. A tsinka kashi ɗaya da ruwa kashi 15 zuwa 20, a ɗiɗɗiga launin ƙasa mai haske nan da can, sannan mai ɗan ja a wasu wuraren, a bar fari kaɗan, daga ƙarshe a bi duka da baƙi da aka tsinka ninki biyu na wancan don ya kwanta a cikin tsaga. Idan ya bushe, a taɓa buroshi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama sama a kan kusurwoyin dutsen. Duk inda gam ya taɓa filatir, ruwan fenti ba ya shiga, sai wurin ya tsaya fari kamar tabo. Saboda haka fenti kafin gam.

Kwalin ba shi da ƙasa ko cokali ɗaya, domin masu shi suna zaton kore zai rufe komai. A nan ƙasa ita ce kashi tara cikin goma na abin da ido zai gani. A ɗebo iri uku: farin rairayin gona, jar ƙasa ta bakin hanya, da laka ta gindin tabki. A soya kowace a tsohon kasko a kan gawayi minti 20 don ƙwan ƙwari ya mutu, a tankaɗe da rariyar shayi, abin da ya fita a sake tankaɗe shi da tsohuwar safa ta mata ko siririn mayafi. Na ƙarshen nan shi ne ƙasa, wanda ya rage a mayafin kuma tsakuwa ce, domin ƙwayar milimita ɗaya a tebur dutse ne mai santimita 9. Sannan a sa mayen ƙarfe a cikin leda a bi ta cikin garin sau da yawa. Baƙin garin da ya manne, da an bar shi, injin jirgin ne zai jawo shi cikinsa, tunda shi ma mayen ƙarfe ne a ciki.

A fara shafe filatir da fenti launin rairayi, don ko ƙasa ta goge kada fari ya leƙo. A shafa farin gam da aka tsinka rabi da rabi, a barbaɗa ƙasa ta cikin rariya, tafin hannu biyu a lokaci ɗaya, saboda gam yana yin fata da wuri a iskarmu. Ƙasa tana yin duhu idan ta sha gam kuma ba ta komawa yadda take, don haka a gwada a gutsuren kwali, a jira ya bushe, in ya yi duhu a gauraya da farin rairayi ko dakakken alli. Lakar kuwa tana tsattsagewa idan ta bushe. A kan tudu aibi ne, amma a gindin tabkin rani babu abin da ya kai shi: a kwaɓa ta da ruwa da ɗan gam, a shafa kaurin milimita ɗaya, a bar ta ta yi abinta.

Tsakuwar dogon ta yi daidai. Ƙwayarta tsakanin rabin milimita da ɗaya take, kusa da tsakuwar gaske mai santimita 3 zuwa 6, kuma dakakken dutse ne mai nauyi, ba ya tasowa kan ruwa. A zuba da cokali, a share da buroshi mai laushi har ta koma daidai da saman katakan dogo, a bubbuga ƙarfen da bayan cokali don ƙwayoyin da suka hau su sauka. Kafin gam, a jiƙa ta da feshin ruwa mai ɗigo biyu na sabulun wanke kwano, ko alkol na famasi. A fesa sama ya sauko kamar yayyafi. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga gam ya dunƙule a sama yana jan tsakuwa ƙwallo ƙwallo. Gam kashi ɗaya, ruwa kashi uku, a ɗiga da sirinji har ya yi fari, a bar shi awa 24. A mararrabar dogo, inda harshen ƙarfe ke motsi, kada tsakuwa ko gam su kusanci sandar da ke jan harshen, a riƙa motsa ta lokaci lokaci har a bushe. Launin tsakuwar toka ne mai tsabta, a bi ta da tsinkakken jan fenti, domin babu abin da ke zama toka a ƙasar nan bayan hunturu ɗaya.

Gam ɗin kwalin farin gam ne da aka riga aka tsinka, bai fi na kafinta da komai ba. Ana jarabtuwa a yi amfani da ƙaro tunda yana da arha a kasuwar Dole, amma yana narkewa duk lokacin da ruwa ya taɓa shi, yana danƙo da damina.

Ciyawar zaren tsayinta milimita 2 zuwa 3, launinta koren da ba a gani sai tsakiyar Agusta. Abin mamaki kwalbar busawar ta fi aiki a nan, domin da ƴar wutar da gogayya ke haifarwa take tsayar da zaren, kuma busasshiyar iska ce ke taimaka wa wannan. A cika ta rabi, a girgiza sosai, a busa daga tazarar yatsu uku a kan ɗanyen gam. Amma ga teburin rani, a ajiye ta sai bakin rijiya da garka. Busasshiyar ciyawa daga igiyar buhu ake samunta: a warware, a yanka milimita 4 zuwa 8, a tsoma gindin a gam, a dasa tsuki tsuki da hantsaki, a bar fili tsakani. Gamba ta gefen gona a yi ta milimita 20. Karan hatsi mai mita 2.5 milimita 29 ne, kuma gashin buroshin fenti ya fi tsinken tsintsiya dacewa, wanda a wannan ma'auni ya kai kaurin azara.

Gansakukar asarar kuɗi ce. Da wani mai ake jiƙa ta don ta yi laushi, idan iska ta bushe sai ta ƙeƙashe ta riƙa karyewa da taɓawa. Dakakken soson kuwa ya dace da dogon yaro da mangwaro, masu duhun ganye. Itatuwan kansu da wayar tagulla ta cikin tsohon kebur ake murɗa su, a shafe gangar da gam da garin katako. Gawo mai mita 15 santimita 17 ne, yawancin masu farawa rabin haka suke yi, sai jirgi ya fi itace tsayi. Kuma a zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai. Gawo da rani yake ganye, da damina ya kaɗe, kuka kuma akasin haka. Teburin da aka sa wa kuka da gawo duka ganye, ga kuma busasshiyar ciyawa, duk manomin da ya leƙo zai yi dariya. Goruba a tuna tana rabuwa biyu biyu.

Ruwan tabkin an ce a zuba shi kaurin milimita 3 a jira awa 24. Yana bushewa garau, amma samansa yana zama da ɗan laushi, ƙura ta kwanta ta manne, mako biyu ya dushe. Ruwan tabkinmu ma ba a ganin gindinsa. A daidaita wurin da filatir, a goge sumul, a shafa fenti launin kunun kanwa, tsakiya ta fi gefe duhu, sannan berni mai sheƙi hawa huɗu ko biyar, kowane hawa a kife kwali a kai har ya bushe. Wannan ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya dawo sabo.

Ƙura ce aikin da ba ya ƙarewa. A yi wa teburin murfi, ko da firam ɗin katako ne da leda mai kauri, kada ledar ta taɓa itatuwa. Ƙarfen dogo a goge shi da tsumma da alkol kafin kowane tuƙi, ban da samfefa, domin tana barin ƙananan kurji da datti ke maƙalewa. Ƙafafun teburin kuma a tsaya da su a cikin gwangwanayen tumatir da ɗan baƙin mai don kada gara ta hau, a janye shi daga bango kamar faɗin hannu, a riƙa leƙa ƙarƙashinsa da tocila sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Oktoba.